Taro a Baden-Baden: Wanka, Tattaki ko Hawan Dutse?

An tashi zaman rana da ƙarfe uku, liyafar dare kuma sai bakwai da rabi. Ka fito daga Kongresshaus, babban zauren taron Baden-Baden, katin sunanka na rataye a wuya, kai ya cika da jawabai da alƙaluma. Awa huɗu da rabi ke hannunka. Yawancin mahalarta otal suke komawa su buɗe kwamfuta su ci gaba da amsa saƙonni, abin da kuwa ke ba ni takaici ke nan, domin garin da suka sauka an gina shi ne musamman don wanda ya gaji ya huta.

Baden-Baden ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Jamus, a bakin Baƙin Daji da suke kira Schwarzwald, mutanensa ba su kai dubu 60 ba. Arzikinsa ruwan zafi ne da ke tasowa daga zurfin kusan mita 2,000, ya ɓullo ta maɓuɓɓuga 12, wasunsu da zafin da ya kai digiri 68. Wannan ruwa ne ya zaunar da Romawa a wurin kusan shekara dubu biyu da suka wuce, suka raɗa masa suna Aquae, wato ruwaye. Shi ne kuma ya ja sarakunan Turai da attajiransu a ƙarni na 19, aka cika garin da otal-otal da manyan zaurukan da masu taro suka gada a yau. A nan kwamitin wasannin Olamfik ya zauna a 1981 ya ba birnin Seoul wasannin 1988, a nan ministocin kuɗi na G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, suka haɗu a watan Maris na 2017, kuma duk watan Oktoba manyan kamfanonin inshora na duniya kan cika garin. A 2021 UNESCO ta sa shi cikin garuruwan ruwan zafi 11 na Turai da ta ɗauka a matsayin kayan tarihin duniya.

To, me za a yi da awa huɗun nan? Abin yi ya fi lokacin yawa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Ni a ganina tambaya biyu ke raba gardama: awa nawa gare ka na haƙiƙa bayan ka cire na canja kaya da tafiya, sannan me ke jiranka bayan ka dawo?

Mu fara da wanka, tunda shi ne sunan garin. Manyan gidajen wanka biyu ne, suna maƙwabtaka, tafiyar kamar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa daga zauren taro. Baƙo kan ɗauka abu ɗaya ne, alhali ruwan kawai suka haɗa.

Friedrichsbad shi ne tsohon. An buɗe shi a 1877, kuma daga waje sai ka rantse fadar sarki ce. Wankansa a tsare yake mataki-mataki har 17, ba ka zaɓar inda za ka fara. Ka watsa ruwa, ka shiga ɗakin iska mai ɗumi na digiri 54 ka kwanta, ka wuce na digiri 68 inda gumi ke tsatstsafo maka ta ko'ina. Wanda ya biya kuɗin ƙari, a nan ake cuɗa shi da sabulu da buroshi. Daga nan sai ɗakunan sirace, sannan tafkunan ruwa, kowanne ya fi wanda ya gabace shi sanyi kaɗan: digiri 36, 34, sai na 28 da ke ƙarƙashin wata doguwar kubba mai zane, inda ko tari ka yi sai ya amsa. Kusa da ƙarshe akwai na digiri 18. Bayan duk wannan zafi, shigarsa sai an cije, amma in ka fito za ka ji jini na gudu har yatsun ƙafa. Abin da ya fi zama a raina shi ne ɗakin hutu na ƙarshe. Gadaje ne jere a zagaye, haske kaɗan, ba mai magana, a naɗe ka cikin mayafi da bargo kamar jinjiri. Mutum ya kwanta da niyyar minti goma, sai ya farka bai san inda yake ba. Gaba ɗaya a ware awa uku. Ban da kayan wanka in ranar shiga da kaya ce, ba ka buƙatar zuwa da komai, tawul da silifa duk suna bayarwa, wannan kuwa sauƙi ne ga wanda ya fito kai tsaye daga taro cikin kwat.

Akwai maganar da dole a faɗe ta a fili kafin kowa ya sayi tikiti. Al'adar Friedrichsbad tun asali tsirara ake wanka, kuma maza da mata sukan haɗu. Tsarin ranaku yana canjawa, don haka kafin ka tafi ka tambayi masu gidan kai tsaye: yau da kaya ake shiga ko babu, a haɗe ake ko a rabe? Ga wanda addininsa ko kunyarsa ba za su bar shi ba, magana ta ƙare, kuma babu wani abin jin nauyi a cikin hakan. Ko ga wanda ba ya damuwa, akwai abin dubawa da ya shafi mai taro kaɗai. Garin ƙarami ne, mahalarta ɗaruruwa ne, kuma hutu ɗaya kuka samu a lokaci ɗaya. Mutumin da za ka zauna gabansa gobe da safe kuna cinikin kwangila yana iya zama shi ne a benci na gaba. Wasu ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. Wasu kuwa zai tsaya musu a rai har taron ya ƙare, kuma kai ne ka san ɓangaren da kake.

Caracalla Therme, wanda aka buɗe a 1985 aka ba shi sunan sarkin Rum ɗin da ya faɗaɗa wuraren wankan garin, ya fi sauƙin shiga ga yawancin mutane. Gini ne na zamani mai gilasai, da tafkuna a ciki da waje, zafinsu daga digiri 18 zuwa 38. A nan da kayan wanka ake shiga ruwa, kuma ba wanda zai ce maka bi nan ko bi can. Kana iya tsayawa ƙarƙashin ruwan da ke zubowa da ƙarfi ya daddaki kafaɗunka da suka sandare a kujerar taro, ka koma inda ruwa ke ɓulɓulowa ta ƙasa, ka fita tafkin waje. In lokacin sanyi ne, a can daɗin yake: jikinka cikin ruwan ɗumi, iska mai sanyi na dukan fuskarka, tururi na tashi har ba ka ganin na gefenka sosai. Da awa ake biya, za a ɗaura maka wani abu kamar agogo a hannu da ke buɗe akwatin kayanka yana kuma lissafa lokacinka. Sai dai ka zo da kayan wankanka da tawul, in ba haka ba sai ka kashe kuɗi a wurin. Abu biyu a sani. Maza da mata tafki ɗaya suke shiga. Sannan ɗakunan gumi na sauna da ke hawa na sama ba a shigarsu da kaya, saboda haka wanda ya zo nan don guje wa tsiraici ya tsaya a ƙasa.

In aka aza su a sikeli, Friedrichsbad ya fi ba da abin tunawa, Caracalla ya fi dacewa da mai ƙarancin lokaci. Na farko shiru ne da natsuwa, ba a gaggawa a cikinsa, wanda ya shiga yana duban agogo ya yi asarar kuɗinsa. Na biyu kana iya yin awa ɗaya da rabi ka fito ka ce ka yi wani abu, amma da yamma da ranakun ƙarshen mako yakan cika, hayaniya ta yi yawa. Wanda ke son tafiya da abokan aiki biyu ko uku, Caracalla ne nasa. Friedrichsbad wurin zuwa ne kai kaɗai.

Dukansu biyu kuma illarsu ɗaya ga mai taro, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, matsin jini ya sauka, jiki ya saki. Bayan awa biyu ko uku a ciki, abin da jikinka ke nema shi ne ruwan sha da gado. Na taɓa ganin wani abokin tafiya, mutum mai kaifin baki a teburin ciniki, ya dawo daga wanka ya zauna a liyafar dare idanunsa na lumshewa, ana yi masa tambaya yana neman a maimaita. Mutanen da ya yi wata uku yana neman ganawa da su suna gefensa, daren ya wuce bai ce musu abin kirki ba. Don haka in daren yana da muhimmanci, ko kai ne mai jawabi bayan hutu, ka ɗaga wankan zuwa wata rana. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini da mace mai juna biyu kuwa, sai sun ji ta bakin likita tukuna. Kowa ma ya sha ruwa sosai, kada ya shiga da cikakken ciki, kuma ya tashi a hankali in zai fito daga tafki saboda jiri.

Wannan ne ya sa ga ɗan hutun da ke tsakiyar taro na fi son tattaki a Lichtentaler Allee. Hanya ce ta lambu mai tsawon kilomita 2.3 da ke bin gefen kogin Oos, kuma daga ƙofar zauren taro minti biyu ko uku ya kai ka. Ba tikiti, ba layi, ba canja kaya. Kogin ɗan ƙarami ne, marar zurfi, an shimfiɗe ƙasansa da duwatsu, ruwan garai-garai yana gudu da 'yar ƙara. Ƙananan gadoji na ƙarfe masu ado suna tsallaka shi, wasu an jera musu tukwanen furanni, wasu kuma ƙofar bayan tsofaffin otal-otal suke kaiwa. Itatuwa da tsirrai wajen iri 300 ne a wurin, waɗansu an kawo su daga nahiyoyi masu nisa tun lokacin da aka mayar da hanyar lambu tsakanin 1850 da 1870. A watan Oktoba ganye kan rine ja da ruwan ɗorawa, suna zubowa kana takawa suna ƙaras-ƙaras. A tsakiyar hanya, in ka tsallaka kogin, akwai Gönneranlage, lambun fure mai ɗaruruwan irin wardi, wanda ya fi kyau a farkon bazararsu. Can ƙarshe kuma gidan zuhudun matan Kirista ne na Lichtenthal, da aka kafa a 1245, har yau kuma da masu ibada a ciki. Zuwa da dawowa a natse awa ɗaya da kwata ne, in ka zazzauna a benci ya kai biyu.

Abin da tattakin ya fi wanka da shi ga ɗan kasuwa shi ne yana wartsakar da kai maimakon ya kashe jiki, kuma ana iya yin sa da mutum. Maganar da ta ƙi fitowa a ɗakin taro, inda kowa ke tsare da matsayin kamfaninsa, sau da yawa takan fito in kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani. In akwai wanda kake son ku fahimci juna, ka ce masa ku taka zuwa lambun wardi ku dawo. Rauninsa ɗaya ne, sama. In ruwa ya sauko shiri ya rushe, kuma yankin ba ya rasa ruwa a kowane wata. Sai kuma rana. A watan Yuni har tara da rabi na dare da sauran haske, amma a ƙarshen Oktoba, bayan an mayar da agogo baya, biyar da 'yan mintoci rana ta faɗi. Wanda aka sallama ƙarfe huɗu a wannan lokaci kada ya tsaya canja riga.

Dutsen Merkur mataki ne na gaba ga mai awa uku cikakku da sararin sama mai kyau. Tsayinsa mita 668. Bas za ka hau daga tsakiyar gari zuwa gindinsa, daga nan ka shiga wani ɗan tarago da igiyar ƙarfe ke ja, wanda aka fara buɗewa a 1913. Minti biyar ne hawan, amma kusa da ƙarshe gangaren yakan kai kashi 54 cikin ɗari, in ka waiwaya sai ka ga layin dogon ya miƙe ƙasa kamar tsani. A sama akwai hasumiya da wurin shan shayi. Garin gaba ɗaya yana kwance ƙarƙashinka cikin kwari, ga filin kogin Rhine ya shimfiɗu, in an yi sa'ar rana mai haske har duwatsun Vosges na Faransa ana hangowa. Sau da yawa za ka tarar da masu tashi da lema suna rugawa daga gefen dutsen iska ta ɗauke su. Amma fa duk darajar wurin a gani take. Ranar da hazo ya rufe, ka ɓata awa uku ne ka kalli farin gajimare. Kafin ka hau bas ka ɗaga kai daga cikin gari, in ba ka ga hasumiyar ba, fasa. Kuma saman ya fi ƙasa sanyi da iska, kwat ɗin taro kaɗai ba za ta isa ba.

Kufan tsohuwar fadar Hohenbaden, wadda aka fara ginawa tun farkon ƙarni na 12, ita ma tana ba da irin wannan hange, ga katangu da matakala na hawa. Sai dai hanyarta hawa ce ta cikin daji, takalmin ofis ba zai yi ba, kuma da gumi za ka dawo. Na bar wa mai rabin yini da takalmin tafiya.

In ruwa ya tsare ka kuma ba ka son wanka, garin bai ƙare ba. Trinkhalle, da aka gina tsakanin 1839 da 1842 don masu zuwa shan ruwan magani, yana da baranda mai tsawon mita 90 da ginshiƙai 16, an zana tatsuniyoyin yankin guda 14 a bangonta. Minti ashirin ya isa, kuma kana ƙarƙashin rufi. Gidan zane-zane na Frieder Burda, farin gini mai gilasai da aka buɗe a 2004, yana bakin Lichtentaler Allee, awa ɗaya da rabi ya ishe shi, sai dai a tuna gidajen tarihi a Jamus galibi ba sa buɗewa ran Litinin. A ƙarƙashin Friedrichsbad kuma akwai kufan wurin wankan sojojin Rum, inda za ka ga 'yan ginshiƙan bulo da suka ɗaga daɓen ƙasa don iska mai zafi ta ratsa ƙarƙashi ta ɗumama ɗaki. 'Yan sa'o'i kaɗan ake buɗe shi a rana, sai a duba lokaci. Wannan wuri ina ba da shawararsa musamman ga wanda ya yanke ba zai yi wanka ba, domin zai fahimci abin da ya kafa garin ba tare da ya cire ko hula ba. Kusa da nan akwai wata 'yar maɓuɓɓuga a jikin bango mai suna Fettquelle, ruwan na zubowa a fili kowa ya gani. Ka miƙa yatsa ka taɓa. Ba za ka iya barinsa a ciki ba, kuma ba wuta ba inji, haka ya fito daga ƙasa.

Za a kuma yi maka tayin gidan cacan da ke cikin Kurhaus, ginin da Friedrich Weinbrenner ya tsara a shekarun 1820, don a nan baƙi da yawa ke ƙarasa dare. Ni ba na ba kowa shawarar caca. Marubucin Rasha Dostoyevski ya zo garin nan a 1867 da amaryarsa, ya yi ta asara har sai da suka jinginar da kayansu. Mai son ganin adon ɗakunan kawai, ana zagayawa da baƙi da safe kafin a fara wasa.

Saura jarabawar da ta fi kama baƙon da ya zo daga nesa, wato tsallakawa Strasbourg ta Faransa. A taswira kusa take, mutum ya ce tunda na zo nan bari in ƙara ƙasa ɗaya. Lissafin ba ya fita a awa huɗu. Tashar jirgin ƙasan Baden-Baden tana unguwar Oos, wajen kilomita biyar daga tsakiyar gari, sai ka hau bas kafin ka kai. Jirgin kuma galibi sai an canja a hanya. Zuwa da dawowa kaɗai za su cinye kusan awa uku, abin da ya rage bai wuce ka tsaya gaban babban cocin birnin ka ɗauki hoto ka juyo da gudu ba, zuciyarka na kan jirgin da kada ya makara. Strasbourg ta cancanci yini guda. In kana so, ƙara kwana ɗaya bayan taro, ka tafi da fasfonka a aljihu.

Da ni ne ke da taron kwana uku, ga yadda zan raba. Ranar farko, jiki da gajiyar hanya, kai kuma na son iska, sai in bi kogi har Lichtenthal in dawo. Rana ta biyu in duba sama: in ta washe Merkur, in ta haɗe Trinkhalle da kufan Romawa, in biya Fettquelle a hanya. Wanka kuwa sai ranar ƙarshe, bayan an rufe taro an yi musafaha an watse, ba sauran wanda zan burge a daren. A lokacin ma yawancin mahalarta sun kama hanyar filin jirgi, tafkunan sun rage cika da fuskokin da na sani. Wannan yana nufin tun wajen sayen tikitin komawa zan zaɓi jirgin washegari da safe maimakon na daren, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. In ranar ta faɗo Lahadi kuma, shaguna a Jamus a rufe suke, don haka kayan wanka da tawul tun daga gida za su shiga jaka, tare da takalmi mai taushi da 'yar lema.